Nikola Tesla: Mutumin da Ya Raba Injin Lantarki da Tartsatsi da Ƙara

Idan aka tambayi ɗalibai sunan wanda ya fi yin fice a sha'anin wutar lantarki, yawancinsu Thomas Edison za su ambata, saboda ƙwan lantarki. Amma akwai wani mutum da ya taɓa yi wa Edison aiki, suka rabu ba da daɗi ba, wanda aikin hannunsa yake cikin fankar silin, da injin jan ruwa, da manyan injunan masaƙa. Sunansa Nikola Tesla. Shi ne ya ƙera irin injin lantarkin nan, wanda makanikai suke kira moto, mai juyawa ba tare da wani abu yana gogar wani domin isar da wuta ba. Kafin zamaninsa moto abu ne mai tartsatsi da ƙara, mai yawan lalacewa, mutane kuwa sun ɗauka haka halittarsa take. Tarihin Tesla labarin mutum ne wanda ya ƙi yarda da haka tun yana ɗalibi.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Nikola Tesla ran 10 ga watan Yuli, shekara ta 1856, a wani ƙauye mai suna Smiljan. A lokacin ƙauyen yana ƙarƙashin mulkin Ostiriya, yau kuwa yana cikin ƙasar Kuroshiya. Iyayensa Sabiyawa ne. Mahaifinsa, Milutin Tesla, firist ne na Ikilisiyar Otodoks. Mahaifiyarsa, Djuka, ba ta yi makaranta ba, amma mace ce mai hikimar hannu, takan ƙera wa kanta ƙananan kayan aiki domin sauƙaƙa hidimar gida. Tesla ya sha faɗa bayan ya girma cewa a wurinta ya gaji basirar ƙirƙira.

Su biyar aka haifa, shi ne na huɗu. Wansa Dane, wanda iyayen suka ɗora wa buri mai yawa, ya mutu ta hatsarin doki sa'ad da Nikola yake ƙarami. Daga nan sai hankalin mahaifin ya koma kan Nikola, yana so ya gaje shi a aikin ikilisiya. Shi kuwa yaron zuciyarsa tana wajen lissafi da injuna.

Ya yi sakandare a garin Karlovac, ya gama karatun shekara huɗu cikin shekara uku, a 1873. Da ya komo gida sai cutar kwalara ta kama shi. Ya yi wata tara a kwance, har aka fid da rai da shi. A cikin wannan jinya ne mahaifinsa ya yi masa alkawari cewa in ya tashi zai tura shi makarantar injiniya mafi kyau. Ya tashi, uban kuma ya cika alkawari. A 1875 Tesla ya shiga kwalejin fasaha ta birnin Graz a Ostiriya.

Tambayar da ya yi a aji

A shekararsa ta biyu a Graz, aka kawo wa kwalejin wani inji daga Faris, ƙirar Gramme. Malaminsu na kimiyya, Farfesa Jakob Pöschl, ya kunna shi a gaban aji domin ya nuna yadda moto yake aiki. Injin ya juya, amma tartsatsi yana ta tashi daga gefensa, yana ƙara.

Domin mu gane abin da Tesla ya gani ran nan, sai mu san yadda moto na wancan zamani yake. Kowane moto yana da ɓangare biyu: wanda yake tsaye, da wanda yake juyawa a cikinsa. Ƙarfin maganaɗisu ne yake jan mai juyawan. Amma idan maganaɗisu ya jawo ƙarfe har ya iso inda yake, magana ta ƙare, sai ya tsaya. In ana so juyi ya ci gaba, dole a riƙa sauya hanyar da wuta take bi cikin naɗin waya a daidai lokacin da ya dace, domin jan ya koma gaba kullum. Wutar da ake amfani da ita a lokacin kuwa mai bin hanya ɗaya ce, irin ta batir, wadda ake kira DC. Saboda haka aka ɗaura wani zobe a kan sandar tsakiya, an yanyanka shi gida-gida da jan ƙarfe, aka kuma sa burushi guda biyu suna danne a kansa. Zoben yana juyawa, burushi yana tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan, wuta tana yankewa tana haɗuwa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa ɗaya. Kowace yankewa tartsatsi ce. Kowace tsallakawa ƙara ce. Burushi yana cinyewa, zobe yana zaizayewa, ƙura tana taruwa.

Wanda yake so ya ji irin wannan ƙara yau, sai ya tsaya kusa da injin huda katako na kafinta, ko ƙaramin moton da teloli suke ɗaura wa keken ɗinki. Har yanzu waɗannan suna da burushin gawayi, shi ya sa suke kuka haka.

Tesla ya ɗaga hannu ya ce a ganinsa ana iya tafiyar da moto ba tare da wannan zobe da burushi ba. Bisa ga labarin da ya rubuta na rayuwarsa a 1919, Farfesa Pöschl ya ɗauki darasi guda yana nuna wa aji cewa abin ba zai yiwu ba, ya kwatanta shi da neman injin da zai yi ta juyawa har abada ba tare da an ba shi ƙarfi ba. Malamin ba jahili ba ne, gama abin da ya faɗa shi ne sanin da ake da shi a lokacin. Tesla ya yi shiru, amma tambayar ba ta bar shi ba.

Bai gama kwalejin ba. A shekara ta uku ya faɗa caca, ya salwantar da kuɗin makaranta, ya daina zuwa aji. A ƙarshen 1878 ya bar Graz ba tare da takardar shaida ba, ya tafi garin Maribor yana aikin zanen injuna. Mahaifinsa ya rasu a 1879. A 1880 ya je Firag ya riƙa sauraron lacca a jami'a, nan ma bai karɓi digiri ba.

Ciwon kunne da wahayin Budafes

A 1881 ya sami aiki a Budafes ta ƙasar Hangari, a ofishin waya. A can ya yi wani ciwo mai ban mamaki, wanda ya sa jinsa ya yi kaifi fiye da kima. Ya ba da labari cewa yakan ji bugun agogo daga ɗaki na uku, saukar ƙuda a kan tebur takan zame masa kamar an buga abu a kunnensa, ƙasa kuma kamar tana rawa a ƙarƙashinsa dare da rana. Sai da ya sa wa ƙafafun gadonsa matashin roba kafin ya iya samun barci. Wannan dabara ta majinyaci, wato sa roba tsakanin abu mai girgiza da abin da ba a so ya girgiza, ita ce injiniyoyi suke yi wa injuna har wa yau.

Yana farfaɗowa ne, a watan Fabrairu na 1882, suka fita yawo da yamma a lambun birnin shi da abokinsa Antal Szigeti. A nan, in ji shi, amsar da ya yi shekaru yana nema ta faɗo masa gaba ɗaya, ya ɗauki tsinke ya zana ta a ƙasa.

Amsar ita ce, maimakon a riƙa sauya wuta a cikin ɓangaren da ke juyawa, a sa shi ƙarfin maganaɗisun ya riƙa kewayawa da kansa. A ɗauka an tsayar da yaro a tsakiyar fili, abokansa huɗu suna tsaye gabas da kudu da yamma da arewa. Na gabas ya kira shi, yana juyowa sai na kudu ya kira, sai na yamma, sai na arewa, sai kuma na gabas. Ba wanda ya motsa daga wurinsa a cikin huɗun, ba kuma wanda ya taɓa yaron, amma zai yi ta juyawa muddin suna kira bi da bi. Haka Tesla ya shirya naɗin wayoyi kewaye da ɓangaren da ke tsaye, ya ba su wuta mai kai da komowa, wadda ake kira AC, amma ba iri ɗaya a lokaci ɗaya ba: wuta biyu, ɗaya tana gaba ɗaya tana biye, ta yadda sa'ad da ƙarfin wannan naɗi yake raguwa na kusa da shi yana ƙaruwa. Sai ƙarfin maganaɗisu ya riƙa zagayawa cikin injin.

To, ta yaya wuta za ta kai ga ɓangaren da ke juyawa tun da babu burushi? Ba sai an kai masa ba. Tun 1831 Michael Faraday na Ingila ya nuna cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana wucewa ta kan waya, wuta takan haifu a cikin wayar. Saboda haka maganaɗisu mai zagayawa shi zai haifar da wuta a cikin ɓangaren tsakiya, wutar ta mai da shi maganaɗisu, ya yi ta bin na wajen. Ba abin da yake taɓa shi sai boris guda biyu da suke riƙe da sandar tsakiya.

Daga Faris zuwa haƙar rami a Amurka

Gane abu a ka daban ne, samun wanda zai sa kuɗinsa a kai daban. A 1882 Tesla ya koma Faris yana aiki da kamfanin Edison na nahiyar Turai. A 1883 aka tura shi birnin Strasbourg domin gyaran wutar tashar jirgin ƙasa, a can ne ya ƙera samfurin motonsa na farko a lokacin hutunsa. Ya juya kamar yadda ya zana, amma bai sami attajirin da ya kula ba.

A watan Yuni na 1884 ya sauka a Niyok, ya kama aiki a masana'antar Edison. Edison ya riga ya zuba dukiyarsa a kan wuta mai bin hanya ɗaya, don haka aikin da aka ba Tesla shi ne gyara da inganta irin injunan nan masu burushi. Bayan kimanin wata shida ya ajiye aikin. Ya ce manaja ya yi masa alkawarin dala 50,000 in ya gama wani babban aiki, da ya gama sai aka ce masa wasa ne.

Waɗansu 'yan kasuwa suka haɗa kamfani da shi domin yin fitilun titi a garin Rahway. Takardar mallakar ƙirƙira ta farko da ya samu a Amurka, a watan Janairu na 1886, a kan gyaran zoben nan ne domin rage tartsatsi. Da fitilu suka kama aiki, sai abokan cinikin suka juya masa baya, suka bar shi ba kamfani ba kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A wannan shekara mutumin da yake ɗauke da sabon moto a kansa ya koma haƙar rami a titi, ana biyansa dala 2 a yini.

A ƙarshen 1886 ya haɗu da Alfred Brown, ma'aikacin kamfanin waya, da wani lauya Charles Peck. Suka yarda su tallafa masa. A watan Afrilu na 1887 aka kafa kamfanin Tesla Electric, aka buɗe masa ɗakin gwaji a titin Liberty a Niyok. Ran 1 ga Mayu, 1888, aka ba shi takardun mallaka a kan motonsa, ran 16 ga watan kuma ya yi bayaninsa a gaban ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka. A Italiya ma wani farfesa, Galileo Ferraris na birnin Turin, ya gano maganaɗisu mai zagayawa da kansa, ya buga bayaninsa a wannan shekara ta 1888. Ba wanda ya kwafi wani a cikinsu.

Ciniki da Westinghouse

George Westinghouse na birnin Pittsburgh yana sayar da wuta mai kai da komowa, wadda ta fi ta Edison sauƙin kaiwa nesa, gama ana iya ɗaga ƙarfinta a kuma sauke shi da taransifoma. Abin da ya rasa shi ne moto mai kyau da zai yi aiki da ita. A watan Yuli na 1888 ya sayi izinin amfani da ƙirar Tesla a kan dala 60,000, kuɗi da hannun jari, da kuma dala 2 da rabi a kan kowane ƙarfin doki ɗaya na moton da aka sayar. Ya kuma ɗauke shi aikin shekara guda a kan dala 2,000 a wata.

A Pittsburgh aka ci karo da wata matsala. Gudun irin wannan moto yana bin saurin kai da komowar wuta. Wutar Westinghouse tana kai da komowa sau 133 a daƙiƙa, abin da ya yi wa moton yawa. Tesla ya nace a sauko zuwa 60, daga bisani kuwa 60 ɗin ce ta zama ta Amurka. Mu a Nijeriya tamu 50 ce, kamar ta Ingila. Shi ya sa idan kuka duba farantin da ke manne a jikin moto a nan, za ku ga an rubuta juyi wajen 2,900 ko 1,450 a minti. Maganaɗisun yana zagayawa sau 3,000 ko 1,500, ɓangaren tsakiya kuwa kullum yana ɗan biye a baya, gama in ya kamo shi wuta za ta daina haifuwa a cikinsa.

A 1891 kamfanin Westinghouse ya shiga matsin kuɗi, Tesla ya yafe kason nan nasa na dala 2 da rabi. A 1897 kamfanin ya sayi takardun mallakar ɗungurungum a kan dala 216,000. Tsakanin nan duniya ta ga abin da idonta. A babban bajekolin Shikago na 1893 an nuna wani ƙwai na jan ƙarfe yana juyawa har ya miƙe tsaye a kan tsininsa, ba hannu ba igiya, maganaɗisu mai zagayawa ne kawai a ƙarƙashinsa. A watan Nuwamba na 1896 aka fara aika wuta daga tashar ruwa ta Neyagara zuwa birnin Buffalo, tafiyar kimanin kilomita 40, bisa tsarin da ya ginu a kan ƙirar Tesla.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Cire burushi ya kawar da tartsatsi da babban tushen ƙara guda ɗaya, amma bai gama aikin ba. Waɗansu mutane ne suka ɗora, ya kuwa kamata ɗalibin kimiyya ya san abin da suka yi.

Na farko shi ne Mikhail Dolivo-Dobrovolsky, Barashe mai aiki da kamfanin AEG a Jamus. A 1889 ya ƙera moto mai wuta uku maimakon biyu, ya kuma sauƙaƙa ɓangaren tsakiya ya zama sandunan ƙarfe kawai da aka haɗa bakinsu da zobe biyu, kamar keji. Amfanin wuta uku yana kama da lugude. Idan mace ɗaya tana daka, tsakanin bugu da bugu akwai shiru, turmi yana ta tsalle. Idan uku suka haɗu suna lugude, taɓarya ɗaya tana tashi wata tana sauka. A moto mai wuta ɗaya, ƙarfin da ke shiga yana hawa yana sauka sau 100 a daƙiƙa a ƙasa mai wuta irin tamu, wannan ne gurnanin da akan ji. A moto mai wuta uku, in aka haɗa ƙarfin ukun, jimillarsa ba ta canzawa, sai juyi ya zo sumul. Fankar silin wuta ɗaya take samu, shi ya sa aka sa mata kafasita domin ta ƙago wuta ta biyu mai ɗan bambancin lokaci. In kafasita ta mutu, sai fanka ta tsaya tana gurnani har a tura ta da sanda.

Abu na biyu shi ne ramukan da wayoyi da sanduna suke kwanciya a ciki. Sa'ad da ramukan ciki suke wuce na waje, jan maganaɗisu yana ƙaruwa yana raguwa, sai moto ya riƙa wani siririn kuka. Maganin da aka samo shi ne a ɗan karkata sandunan kejin, kada su miƙe sak, a kuma zaɓi yawan ramukan ciki da na waje da lissafi. Direban da ya ƙware yakan hau tudun rage gudu a karkace domin tayoyi su hau ɗaya bayan ɗaya. Dabarar ke nan.

Na uku shi ne daidaita nauyi. Ga lissafin da kowane ɗan aji biyar zai iya yi: idan akwai rarar nauyi na giram 10 a gefe ɗaya, santimita 10 daga tsakiya, moto kuma yana juyi 3,000 a minti, wannan ɗan nauyi zai riƙa fizgar boris da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 10, yana zagayawa sau 50 a daƙiƙa. In aka rage gudun zuwa rabi, fizgar za ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka a masana'anta ake ɗora ɓangaren tsakiya a kan na'ura a gwada shi, a ƙara masa nauyi a nan ko a rage a can. Stephen Timoshenko, wanda ya yi aiki a Westinghouse daga 1923 zuwa 1927, ya fitar da littafi a 1928 a kan girgizar injuna, wanda ya taimaka wajen mai da wannan aiki ilimin da ake koyarwa a jami'a.

Sauran kuwa yana hannun mai inji. Boris yana bukatar giris a kan kari. Sandar moto da ta injin da yake ja su kasance a layi ɗaya. Bel kada ya yi tauri ƙwarai, kada kuma ya saki. A kafa moto a kan kankare mai nauyi, a ɗaure notuna, a sa roba inda ya kamata, a share ƙurar da ta taru a fankar da ke sanyaya shi. Masana lafiyar ma'aikata sun yi gargaɗi cewa zama cikin ƙarar da ta kai desibel 85 har awa 8 kowace rana yana lalata ji a hankali, jin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya komowa. Yaron da ke aiki a gidan niƙa daga safe har dare, kunnensa ne yake biyan kuɗin boris ɗin da mai gida ya ƙi canzawa.

Mai wasa da girgiza

Tesla da kansa ya yi nazarin girgiza. A shekarun 1890 ya ƙera wani ƙaramin inji mai kai da komowa, wanda tururi ko iska mai matsi yake tafiyarwa. Abin da ya ja hankalinsa shi ne, kowane abu yana da saurin rawar da ya fi so. Mai tura lilo ya san wannan: ɗan turi kaɗan, in yana zuwa a daidai lokacinsa, yakan kai lilo sama ƙwarai. Da ya tsufa ya ba 'yan jarida labari cewa ya taɓa ɗaura injin a jikin ginshiƙin ƙarfe a ɗakin gwajinsa na titin Houston, gini ya kama rawa har 'yan sanda suka zo, ya fasa injin da guduma. Injiniyoyi da yawa suna ganin ya ƙara wa miyar gishiri, amma ƙa'idar gaskiya ce. Idan gudun moto ya yi daidai da saurin rawar teburin da aka ɗora shi a kai, girgiza takan ninka har noti ya kwance, walda ta tsage. Mai kafa inji dole ya raba waɗannan biyu.

Daga nan rayuwarsa ta ɗauki wata hanya. A watan Maris na 1895 gobara ta cinye ɗakin gwajinsa da kayan aikin shekaru. A 1898 ya nuna ƙaramin jirgin ruwa da ake sarrafawa daga nesa ba waya. A 1899 ya tafi Colorado Springs yana gwajin tartsatsi mai tsawon mitoci da yawa, mai ƙara kamar tsawa. A 1901 attajiri J. P. Morgan ya ba shi dala 150,000 domin gina hasumiya a Wardenclyffe ta aika saƙo ƙetaren teku. Tesla ya faɗaɗa shirin, yana so ya aika har da wutar lantarki ba waya. Kuɗi suka ƙare, Morgan ya ƙi ƙarawa, aka rushe hasumiyar a 1917 saboda bashi. A wannan shekara ce aka miƙa masa lambar girma mai sunan Edison.

Bai taɓa aure ba. Ya yi sauran kwanakinsa daga wannan otal zuwa wancan, yana barin bashi a baya, yana ciyar da tantabaru a dandalin birni. Daga 1934 kamfanin Westinghouse ya riƙa ba shi dala 125 a wata, yana kuma biyan kuɗin ɗakinsa. Ya rasu shi kaɗai a ɗaki mai lamba 3327 na otal ɗin New Yorker ran 7 ga Janairu, 1943, yana da shekara 86. Tokarsa tana gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Belgired. A 1960 aka sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu suna tesla, wanda ɗaliban kimiyya suke rubutawa da harafin T.

Abin koyi

Hukumar Makamashi ta Duniya ta kiyasta a 2011 cewa injuna masu aiki da moto suna shan kashi 43 zuwa 46 cikin ɗari na dukan wutar lantarkin duniya, yawancin na masana'antu kuwa jikokin moton 1888 ne. Motoci masu tafiya da batir sun yi shiru har Tarayyar Turai ta wajabta, daga 2019, a sa wa sababbin ƙirarsu na'urar yin ƙara idan suna tafiya a hankali, domin masu tafiya a ƙasa da makafi su ji zuwansu.

Ya ku ɗalibai, ku lura da abubuwa uku. Na ɗaya, ƙara da girgiza a jikin inji ƙarfi ne yake zubewa, alama ce kuma cewa wani abu yana gogar wani ko nauyi ya karkata. Ruwa ba ya tsami banza. Ɗalibai da yawa sun ga tartsatsin nan a Graz, ɗaya ne ya tambayi dalilinsa, ya kuma nemi ya cire tushen matsalar maimakon ya rufe ta. Na biyu, Tesla ya saurari malaminsa da ladabi, sa'an nan ya yi shekaru yana aiki a kan tambayar har ya kawo amsar da ake iya gwadawa. Gardama ba tare da wannan wahala ba, surutu ce kawai. Na uku, baiwa ba ta tsare mutum daga sakaci. Caca ta raba shi da takardar shaida, rashin lissafin kuɗi ya kai shi ga tsufa cikin bashi. Hasumiyar da jaridu suka yi ta yayatawa ta rushe tun yana da rai, moton da ba a jin motsinsa kuwa yana nan yana jan ruwa a asibitoci da gonaki. Ku da za ku fita bana, waɗansunku za su zama injiniyoyi, waɗansu makanikai, waɗansu masu gidan niƙa. Duk inda kuka sami kanku, ku koyi kasa kunne ga inji, gama yakan faɗi ciwonsa tun kafin ya mutu.